Shin Talauci Yana Taɓa Ƙwaƙwalwa? Abin da Masu Bincike Suka Gano da Inda Suka Saɓa

A watan Janairun 2022 jaridun Amurka sun cika da labarin wani bincike da ya nuna cewa jariran da ake ba iyayensu mata kuɗi duk wata, ƙwaƙwalwarsu ta fi ta sauran jarirai nuna alamun kuzari. A 2025 masu binciken suka fitar da sakamakon awon da suka sake yi wa yaran bayan sun kai shekara huɗu, suka ce ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Wanda ya karanta labarin farko ya ce ashe kuɗi magani ne. Wanda ya karanta na biyu ya ce ashe raba wa talaka kuɗi ɓarna ce.

Gardamar ta shafe mu kai tsaye. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kashi 65 cikin 100 na su suna Arewa. A watan Oktoban 2023, bayan cire tallafin man fetur, gwamnatin tarayya ta sanar da shirin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 duk wata har tsawon wata uku. Nijar ma ta daɗe da nata shirin na ba matan karkara kuɗi. Don haka tambayar abin da rashi yake yi wa tunanin mutum, da abin da kuɗi yake gyarawa da wanda ba ya gyarawa, tambaya ce ta gida.

Me ake aunawa?

Yawancin ruɗanin daga kalmomi yake tasowa. Idan masanan halayyar ɗan Adam suka ce talauci ya taɓa ƙwaƙwalwa, suna iya nufin abubuwa uku da ba su zama ɗaya ba.

Na farko shi ne lahanin da ke samun yaro tun yana ƙarami: tamowa, ƙarancin sinadarin aidin, cututtuka, ko guba. Wannan babu gardama a kansa. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ta bar waɗansu da suka rayu da naƙasa a ƙwaƙwalwa.

Na biyu shi ne abin da ke faruwa da babban mutum mai cikakken hankali a daidai lokacin da matsalar kuɗi ta sha masa kai. A nan ana auna iya warware sabuwar matsala, da iya tsayar da hankali wuri guda, da iya danne amsar da ta fara zuwa baki. Wani gwaji da ake yawan yi shi ne a nuna wa mutum 5 5 5 a ce ya faɗi adadin lambobin da ya gani. Amsar ita ce uku, amma harshe yana jan mutum ya ce biyar. Wanda hankalinsa ya rabu zai jinkirta ko ya yi kuskure.

Na uku shi ne lafiyar zuciya da tunani: ciwon damuwa, fargaba, rashin barci, yanke ƙauna.

Akwai kuma bambanci tsakanin alaƙa da sanadi. Ganin talauci da wata matsala a gida ɗaya bai nuna wanne ya haifi wanne ba. Shi ya sa masu bincike suke raba mutane ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗansu abu a hana waɗansu, ko kuma su auna mutum ɗaya sau biyu, lokacin da yake da kuɗi da lokacin da ba shi da shi.

Manoman rake na Indiya

Binciken da ya tayar da wannan magana ya fito a mujallar Science a 2013, daga Anandi Mani, Sendhil Mullainathan, Eldar Shafir da Jiaying Zhao. Sashe biyu ne.

A wata babbar kasuwa da ke jihar New Jersey ta Amurka, sun tare masu sayayya suka ce musu: a ce motarka ta lalace, makanike ya ce gyaran zai ci kaza, yaya za ka yi? Waɗansu an ce musu dala 150, waɗansu dala 1,500. Suna cikin wannan tunani sai a ba su gwajin basira. Da aka ce dala 150, mai hali da marar hali duk sun yi daidai da juna. Da aka ce dala 1,500, masu hali ba su girgiza ba, amma makin masu ƙaramin ƙarfi ya faɗi. Babu wanda aka karɓi ko sisi daga hannunsa, tunanin kuɗin kawai ya isa. Masu binciken sun kwatanta girman faɗuwar da maki 13 a ma'aunin basira, ko abin da kwana ba barci yake yi wa mutum.

Sashe na biyu ya fi kusa da rayuwar da muka sani. Sun bi manoman rake 464 a ƙauyuka 54 na jihar Tamil Nadu. Manomin rake sau ɗaya yake ganin kuɗi mai kauri a shekara. Kafin girbi yana cikin bashi, ya jinginar da kaya. Bayan girbi aljihu ya yi nauyi. An gwada kowane manomi sau biyu, sai aka ga mutum ɗaya ya fi yin ƙoƙari bayan ya karɓi kuɗin rakensa. Da yake ba lokaci ɗaya kowa yake girbi ba, masana'antar sukari ce ke raba musu lokaci, ba za a ce zafin rana ko wani biki ne ya jawo bambancin ba.

Bayanin da suka bayar shi ne hankali yana da iyaka, kamar buhu. Idan lissafin kuɗin cefane da na magani da na mai bin bashi ya cika shi, wurin da ya rage wa sauran al'amura kaɗan ne. A ɗauki magidanci a watan Agusta, ana tsakiyar marka, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Yana duƙe a gona yana noma, amma a ransa yana ƙirga tiya nawa ta rage, wa zai tunkara ya ba shi rance zuwa kaka, kuma ko zazzaɓin ƙaramin yaron zai sauka ba tare da an je asibiti ba. Ya dawo gida uwargida ta ce, “Malam, ka tuna yau ce ranar rigakafin?” Ya ce, “Wallahi na sha'afa.” Mai kallo daga waje zai kira wannan sakaci. Masu binciken suna cewa basirarsa tana nan yadda take, aiki ne ya yi mata yawa.

Wannan shi ne abin da ya sa binciken ya yi farin jini: ya juya tsohon zargin da ake yi cewa talaka ya talauce ne don ba ya tsari. Ya nuna cewa rashin kansa yana iya haifar da abin da ake gani kamar rashin tsari.

Waɗanda suka ce a dakata

Ba a daɗe ba sai suka ta biyo baya. A shekarar da binciken ya fito, Jelte Wicherts da Annemarie Zand Scholten daga Holan sun ƙalubalanci yadda aka yi lissafin. Game da manoman kuma an yi tambaya mai sauƙi: wanda ya yi jarrabawa sau biyu, ai dole ya fi iyawa a karo na biyu, ko da kuɗi ko babu. Mani da abokan aikinta sun amsa cewa sun duba wannan, kuma bai isa ya bayyana bambancin ba.

A 2016 Leandro Carvalho, Stephan Meier da Stephanie Wang suka gwada masu ƙaramin albashi a Amurka, waɗansu gab da ranar biya, waɗansu bayan an biya. Waɗanda ba a biya ba tukuna sun fi son a ba su kuɗi kaɗan yanzu maimakon mai yawa nan gaba, abin da kowa zai fahimta. Amma a gwajin tunani ba a ga bambanci ba. A 2021 wata tawaga a jami'ar Berkeley ta sake maimaita gwaje-gwaje 20 da aka taɓa wallafawa a kan tasirin rashi, kaɗan ne daga ciki suka sake ba da sakamakon farko. Wannan ba sabon abu ba ne a fannin: tun 2015, da aka maimaita gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, ƙasa da rabi ne suka tsaya da ƙafarsu.

Daga Zambiya kuma aka samu abin da ya ƙara wa maganar wata fuska. Dietmar Fehr, Günther Fink da Kelsey Jack sun yi aiki da dubban manoma. An san mutane da wata ɗabi'a: idan aka ba mutum abu, sai ya ƙi musanya shi da wani ko da wancan ya fi masa amfani, don kawai wannan ya riga ya shiga hannunsa. Sai suka ga manoman sun fi kuɓuta daga wannan ɗabi'a a lokacin da abinci da kuɗi suka yi ƙaranci. Wato matsi yana sa mutum ya ƙara buɗe ido a kan abin da ke gabansa. Duk wanda ya ga yadda mai ƙaramin ƙarfi yake taya kayan miya a kasuwa, ya san farashin kowane kashi, ba a cutarsa ko da naira goma, ya san wannan.

Sakamakon Zambiya da na manoman rake ba su rushe juna ba. Matsi yana kaifafa hankali a kan matsalar yau, yana kuma janye shi daga abin da ba na gaggawa ba. Abin da bai tabbata ba shi ne girman tasirin. Adadin nan na maki 13, wanda aka fi yaɗawa, shi ne ya fi kowane sashe rauni, kuma bai kamata a riƙa ambatonsa kamar hukuncin da aka gama ba.

Masu ɗinka faranti da masu neman barci

Shaida mafi ƙarfi ta zo ne daga wurin aiki, ba daga takardar gwaji ba. A jihar Odisha ta Indiya, Supreet Kaur da abokan aikinta sun ɗauki ma'aikata kimanin 400 suna ɗinka farantin ganye, irin wanda ake cin abinci a kai a yar. Lokacin rani ne, babu aikin gona, kowa yana hannu baka hannu ƙwarya. Tsarin ladan kowa ɗaya ne, sai dai an ba waɗansu wani kaso na kuɗinsu kwanaki kaɗan kafin a gama aikin. Waɗanda suka karɓa da wuri suka je suka biya bashi, suka yi cefane. Da suka dawo, yawan farantin da suke yi ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, kuma kurakuransu sun ragu: an duba farantan an ga ramukan ɗinkin da aka warware aka sake sun yi ƙasa. Waɗanda suka fi talauci su ne suka fi canzawa.

A birnin Chennai kuma an ɗaura wa talakawan ma'aikata na'urar auna barci. Suna kwanciya kusan awa takwas, amma barcin da suke samu bai wuce awa biyar da rabi ba, saboda zafi, sauro, hayaniya da cunkoson ɗaki. Da aka taimaka musu suka ƙara barcin dare, ba a ga amfani sosai ba, don barcin a yanke yake. Amma ƙailula ta rabin awa a wuri mai shiru a wurin aiki ta inganta natsuwarsu da walwalarsu. Wannan yana nuna cewa abin da ake kira tasirin talauci a kan tunani ba damuwa kaɗai ba ce, har da ɗakin da mutum yake kwana.

Batun haƙuri

Akwai wani tsohon gwaji da ake jingina zargin talaka a kansa. Walter Mischel na jami'ar Stanford, tun ƙarshen shekarun 1960, yakan ajiye wa yaro alewa ɗaya ya ce in ya jira za a ba shi biyu. Daga baya aka ruwaito cewa yaran da suka jira sun fi yin nasara a karatu. Shekara da shekaru ana koyar da wannan a matsayin hujjar cewa haƙurin yaro shi ke tsara makomarsa.

A 2018 Tyler Watts da abokansa suka duba yara sama da 900 daga gidaje iri-iri. Alaƙar tana nan, amma ba ta kai yadda aka faɗa ba, kuma da aka yi la'akari da halin gidan da yaron ya fito da matakin fahimtarsa tun farko, sai mafi yawanta ta zube. Kafin nan, Celeste Kidd a jami'ar Rochester ta yi wa yara alkawarin kawo musu kayan zane masu kyau. Waɗansu ta cika musu, waɗansu ta saɓa. Da aka zo gwajin alewa, waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa minti 3. Yaron da ya saba ganin alkawari ba ya cika, cin alewarsa nan take lissafi ne mai kyau.

Kada kuma a ɗauka cewa ɗan talaka ba ya iya jira. Bettina Lamm ta gwada 'ya'yan manoman ƙabilar Nso a Kamaru da yaran masu matsakaicin hali a Jamus. An ajiye wa yaran Kamaru fanke. Kusan kashi 70 cikin 100 nasu sun jira minti goma cif, na Jamus kuwa ba su kai kashi 30 ba. Tarbiyya da al'ada suna da nasu rabon, wanda kuɗi bai isa ya bayyana ba.

Damuwa, da gwajin da aka yi a Nijar

A ɓangaren lafiyar tunani masana sun fi haɗa baki. Wani nazari da ya fito a Science a 2020 ya nuna cewa masu ƙaramin ƙarfi sun fi masu hali kamuwa da ciwon damuwa ko fargaba da ninki ɗaya da rabi zuwa uku, kuma abin yana tafiya ta hanya biyu: rashi yana kawo ciwon, ciwon yana hana nema. A yammacin Kenya, Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro sun ga gidajen da aka ba kuɗi ba tare da sharaɗi ba sun samu sauƙin damuwa, kuma ba a ga ƙaruwar kashe kuɗi a giya ko taba ba. Nazarin da aka yi daga baya a kan gwaje-gwaje da dama a ƙasashe masu tasowa ya tabbatar da sauƙin, sai dai matsakaici ne, ba mai girma ba.

Gwajin da ya fi kusa da mu an yi shi a Nijar, aka wallafa a mujallar Nature a 2022. Ya shafi matan da suke karɓar tallafin gwamnati na wata-wata a ƙauyuka sama da 300. Dukkan waɗanda suka shiga shirin an kafa musu ƙungiyar asusu, an koya musu dabarun sana'a, an ba su mai bibiyar su. Daga nan aka raba su. Kashi ɗaya an ƙara musu jari na sefa 80,000 a dunƙule. Kashi na biyu ba a ba su jarin ba, an ba su horon mako guda a kan tsara buri, yanke shawara da iya magana, sannan aka tara gari duka, maza da dattawa da shugabanni, aka nuna musu majigi a kan iyalin da suka tallafi matarsu ta kama sana'a, aka zauna aka tattauna. Kashi na uku an haɗa musu duka biyun.

Bayan wata 18 duka ukun sun fi waɗanda ba su shiga ba a ciniki, abinci da kwanciyar hankali. Abin da ya ja hankalin masana shi ne waɗanda aka ba horo da majigi ba tare da jari ba sun yi kusa da waɗanda aka ba jari, alhali kuɗin da aka kashe a kansu ya fi ƙanƙanta. Matar da mijinta da surukarta suka ce “je ki, Allah ya ba da sa'a” tana iya zuwa kasuwar wani gari, tana iya samun rance daga 'yan uwa.

Akwai masu ɗaukar wannan su ce ashe wayar da kai ya isa, ba sai an ba da kuɗi ba. Binciken bai faɗi haka ba. Duk matan nan suna karɓar kuɗin wata-wata tun farko. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Jariran Amurka

Yanzu za a iya komawa ga labarin da aka fara da shi. Iyaye mata 1,000 masu ƙaramin ƙarfi aka ɗauka a New York, New Orleans, Omaha da yankin Minneapolis, daga 2018 zuwa 2019. Waɗansu ana ba su dala 333 duk wata, waɗansu dala 20. Awon ƙwaƙwalwar da aka yi a shekara ɗaya ya shafi jarirai 435 ne kawai, domin annobar korona ta katse aikin, kuma bambancin da aka gani bai da ƙarfin da kanun labarai suka ba shi. A shekara huɗu aka auna harshe, natsuwa da ɗabi'a, ba a ga rata ba.

Masu goyon bayan tallafi suna cewa a lokacin korona gwamnatin Amurka ta raba wa kowa kuɗi mai yawa, hauhawar farashi kuma ta cinye darajar dala 333, don haka tazarar ɓangarorin biyu ta ragu. Suna ƙarawa da cewa waɗansu amfanin sai yaro ya girma suke bayyana. Masu shakka suna cewa an tsara gwajin da kyau, an kashe kuɗi mai yawa, sakamakon kuma a fili yake: kuɗi kaɗai bai sauya ci gaban yaran ba. Ko wanne aka bi, talakan Amurka da ke da tallafin abinci da inshorar lafiya daga gwamnati ba ɗaya yake da talakan da ɗansa ke fama da tamowa ba, don haka ɗauko sakamakon a ɗora wa Katsina ko Maraɗi kai tsaye kuskure ne.

Abin da ya shafi mai ƙaramin ƙarfi

Idan aka tace duk wannan, abin da ya fi tsayawa ya shafi lokaci da tabbas. Ma'aikatan Odisha ba a ƙara musu ko kwabo ba, an dai biya su da wuri. Albashin da ba a san ranar shigarsa ba, ko tallafin da za a biya wata ɗaya a yi shiru wata biyar, yana barin mutum cikin lissafin da ba ya ƙarewa, ko da jimillar kuɗin ba ta canza ba. Haka ma mai gida da ke riƙe ladan lebura ko na mai aikin gida zuwa wani mako yana rage ingancin aikin da shi kansa yake biya.

Sai kuma wahalar shiga shiri. Duk takardar da za a cika, duk layin da za a bi don lambar ɗan ƙasa ko buɗe asusun banki, duk zuwa a ce a dawo gobe, ana cire su ne daga hankalin da ya riga ya cika. Waɗanda suka fi buƙata su ne suka fi saurin sarewa a hanya.

Ga manomi kuma, lokacin da aka kawo masa shawara yana da nauyi kamar shawarar kanta. A yammacin Kenya, Esther Duflo, Michael Kremer da Jonathan Robinson sun ga manoma da yawa suna da niyyar sayen taki, amma kafin shuka kuɗin ya bi ta wata hanya. Sai aka je musu da tayin takin daidai bayan girbi, su biya nan take, a kawo musu har gida kyauta idan lokacin amfani ya yi. Yawan masu sa taki ya tashi sosai, ba tare da an rage farashin buhun ba. A ƙasar Hausa ma kuɗin manomi da kaka yake zuwa, takin kuwa sai damina ta kama ake nemansa, lokacin da hatsin da ya sayar da araha ya riga ya yi tsada a kasuwa.